Dakashi, Cibiya da Zangon Lome

A shekarar 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Hausawan da suka daɗe suna fatauci a can suka watse, wasu suka nufi Kete-Karaci, wasu Kintampo, wasu suka gangara bakin teku, inda tun kafin nan 'yan'uwansu suka fara sauka a wani ƙaramin gari mai tasowa da ake kira Lome. A wannan shekarar ce kuma, can a birnin Balin, wani likita Bajamushe mai suna Paul Ehrlich yake zaune yana musayar 'ya'yan ɓeraye tsakanin iyayensu mata, don ya gano ta wace hanya uwa ke ba ɗanta kariya daga cuta. Fataken ba su san da shi ba, shi ma bai san da su ba. Amma ƙasarsa ce ke mulkin gaɓar tekun da suka sauka tun 1884, kuma tambayar da yake yi wa ɓerayensa ita ce wadda ke yanke hukunci a kan kowane jaririn da aka haifa a sabon masaukin nasu.

Jamusawa sun mayar da Lome hedikwatar Togo a 1897. Zangon ya girma tare da garin, ya ga ficewar Jamus a 1914, ya ga mulkin Faransa, ya ga 'yancin kai a 1960. Hausawa ne suka kafa shi, amma ya tara Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da Kotokoli da sauransu, Hausa ta zama harshen ciniki da zaman tare. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da mutanen zangon ya rubuta littafi a kansu a 1983, ya bayyana yadda dillalan shanu da na goro ke tafiyar da harka, yadda maigida ke saukar da baƙo ya tsaya masa. Tarihin zango yawanci haka yake zuwa: ayari, maigida, liman, sarki. Na maza ne. Alhali unguwar baƙi ba ta zama gari sai 'ya'yan da aka haifa a cikinta sun rayu, wannan kuwa a ɗakin maijego ake yin sa.

Ga abin da Ehrlich ya yi. Ya ɗauki dafin da ke cikin ƙwayar zurma da na idon zakara, tsirran da duk mun sani, ya riƙa ba ɓeraye kaɗan-kaɗan har jikinsu ya saba, dafin ya daina kashe su. Da suka haihu sai ya ga 'ya'yan ma dafin ba ya kama su, amma fa sai idan uwar ce aka sabar. In uban ne, babu abin da ɗan ke samu. Sai ya yi musaya: ya ɗauki 'ya'yan ɓerar da ba ta da kariya ya ba mai kariya ta shayar, ya ɗauki na mai kariya ya ba wadda ba ta da ita. Waɗanda suka sha nonon mai kariya suka samu kariya, duk da ba ita ta haife su ba. Waɗanda aka raba da nonon uwarsu kuwa tasu ta zube da wuri. Ke nan abin ba gadon jini ba ne irin na kama da launin fata. Aro ne uwa ke bayarwa, wani tun a ciki, wani ta nono, kuma yana ƙarewa.

Duk ɗalibin da ya karanta Risala a zauren malam a zango zai ji wannan labari bai zo masa baƙo ba, domin an koya masa cewa shayarwa na ƙulla dangantaka, wadda ta ba yaro nono ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun haramta gare shi. Hukuncin aure ne ba na likitanci ba, ban kuma ce ɗaya ya tabbatar da ɗaya ba. Sai dai mutanen da suka tashi da wannan karatu ba su taɓa ɗaukar nono abinci kawai ba.

Mutum ba ɓera ba ne, ba kuma saniya ba ne, kuma an ɗauki shekaru kafin a rarrabe. A 1922 Theobald Smith da Ralph Little a Amurka suka nuna cewa ɗan maraƙin da aka hana nonon farko yawanci mutuwa yake yi cikin 'yan kwanaki, ƙwayoyin cuta su mamaye jininsa. Dalili shi ne saniya ba ta ba ɗanta komai na kariya yana ciki, duka a nonon ranar farko yake samu. Bafulatanin da ke koro shanu daga arewa zuwa karar Lome ya san haka ba tare da karatu ba. Ɗan Adam kuwa hanya biyu gare shi. Ta farko mabiyiya ce: uwa na tura wa ɗan tayi sinadaran kariya da likitoci ke kira IgG kai tsaye cikin jininsa, mafi yawansu a watanni uku na ƙarshen ciki. Shi ya sa bakwaini ke zuwa duniya da guzuri kaɗan. Jaririn da ya cika wata tara kuwa yakan fito da waɗannan sinadarai daidai da na uwarsa, wani lokacin ma fiye. Hanya ta biyu nono ne. Wajen 1960 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Lars Hanson, ya gano wani nau'in kariya a nonon mace, IgA, wanda ba ya shiga jinin yaro sosai, yana shafe maƙogwaro da hanji ne kamar yaɓe, ya hana ƙwayar cuta maƙalewa. Tun kafin nan, wajen 1900, Henri Tissier a cibiyar Pasteur ta Faris ya lura cewa hanjin yaro mai shan nono cike yake da wata irin bakteriya mai amfani. Daga baya aka gane cewa a cikin nono akwai wasu nau'o'in sukari da yaro ba ya iya narkarwa, abincin waɗannan bakteriya ne, uwa ke ciyar da su don su cika wurin kada mugaye su samu masauki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken Hanson da waɗanda suka biyo shi a shekarun 1970 shi ne asalin wannan IgA. Idan uwa ta haɗiyi ƙwayar cuta a ruwa ko abinci, ƙwayoyin garkuwar da ke hanjinta su gane ta, sai wasunsu su bi jini su koma mama, su riƙa zuba maganin wannan cutar takamaimai a cikin nono. Wato nonon kowace mace ɗinkin wurin da take zaune ne. Matar da ke ɗiban ruwa a rijiyar zango, nononta ya san abin da ke cikin rijiyar zango. Ga al'ummar da asalinta tafiya ce wannan ba ƙaramin abu ba ne. Falke ya zo daga Kano ko Sakkwato da jikin da ya saba da cututtukan arewa, amma ɗansa da aka haifa a Lome cututtukan bakin teku zai tarar, kuma ba abin da uban zai iya ba shi. Garkuwar yaron tana wajen matar da ta sha ruwan wurin ta kwana cikin sauronsa, ko Bahaushiyar da ta daɗe ko 'yar ƙasar da aka aura. Ana jingina ɗan zango ga garin ubansa, a ce Bakano ne ko Bakatsine, amma a watanninsa na farko jikinsa ɗan garin uwarsa ne.

Al'adun haihuwa da matan Hausawa suka tafi da su duk inda suka je, waɗanda Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarinsu a littafin da ya fito a 1954, sun tsare mafi yawan wannan garkuwa ba tare da sun san sunanta ba. Kwana arba'in maijego na ɗaki, jariri na jikinta, ba kasuwa ba taro sai na suna. Wannan ya rage masa cuɗanya da masu tari da mura a lokacin da ya fi rauni, ya kuma ba nono damar kankama. Shayarwa shekara biyu, wadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata, ta kai yaro har lokacin da garkuwar jikinsa ta fara tsayawa da ƙafarta. Sai kuma kunyar kwanika, wato mace ta yi ciki da ɗanyen goyo. Ana yi wa wannan dariya yau a ce ƙauyanci ne, amma a Akra, wadda Hausawa ke kira Ankara, tafiyar 'yan sa'o'i daga Lome, likita Cicely Williams ta bayyana wata cuta a 1933, ta yara masu kumburi da jan gashi da saɓar fata, a 1935 kuma ta kira ta da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko, cutar yaron da aka ture daga nono saboda ƙane na tafe. Tamowa ke nan, kuma yaron da ta kama gudawa ko ƙyanda kaɗan ke ƙarasa shi. Tsofaffin da ke tsare ƙofar maijego sun san abin da suke gudu.

Ba duka al'adar ce ta yi daidai ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da kunun kanwa mai yawa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon wuta. Wannan na uwa ne. Na jariri kuwa ɓaraka biyu ce, kuma duka a makon farko suke.

Ta farko dakashi. Nonon kwana biyu zuwa uku na farko, mai kauri da launin rawaya, an daɗe ana yi masa kallon ƙazanta a ƙasar Hausa, kuma Hausawa sun tarar da irin wannan kallo wajen maƙwabta da yawa a Afirka ta Yamma. A matse a zubar, a ce sai nono ya wanku, a ba jariri ruwa ko madarar shanu ko rubutu kafin nan. Har gwaji ake yi da tururuwa, a jefa ta cikin nonon, in ta mutu a ce nonon mugu ne. To dakashin nan shi ne nonon da ya fi kowane yawan IgA da fararen ƙwayoyin jini. Ba shi da yawa, ranar farko ba ya wuce 'yan cokula a kowane sha, amma cikin jariri ma ƙarami ne a ranar. Abin takaicin biyu ne a haɗe: an hana shi yaɓen hanjinsa, sannan an zuba masa ruwan rijiya a hanjin da ba a yaɓe ba. Mutumin da ba zai yarda a hana ɗan maraƙinsa nonon farko ba, yana zaune a zaure ana matse na ɗansa a cikin gida.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan daga Kintampo ta fito, garin da fataken goro suka raya. Karen Edmond da abokan aikinta sun bi jarirai kusan dubu 11 a yankin, suka buga sakamakon a 2006. Sun ga duk yadda aka jinkirta sa jariri a nono, haɗarin mutuwarsa a watan farko na ƙaruwa. Suka ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 16 cikin 100 na mace-macen jarirai a watan farko in an fara shayarwa ranar haihuwa, kashi 22 kuma in an fara cikin sa'ar farko. Sa'a guda, ba magani, ba ko sisi.

Ɓaraka ta biyu cibiya ce, kuma ita ce ta fi koya mana iyakar abin da uwa ke iyawa. Ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau, wadda ake kira sarƙewar haƙora, tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. A yanke cibiya da tsohuwar reza, ko a gasa ta da tsumma mai datti, ko a shafa mata wani haɗi, ƙwayar ta shiga. Jariri ya yi kwana uku ko biyar yana shan nono lafiya, sai ya kasa kama mama, baki ya ɗaure, jiki ya sandare yana fizga. Sau da yawa hakan na zuwa ne dab da ranar suna, an sayi rago an raba goro. Aka riƙa cewa iska ce ko maita. A unguwar da sana'arta shanu ce, kowa ya san abin da ke cikin ƙurar tsakar gida. Me ya sa nono da mabiyiya ba su hana ba? Saboda wannan cuta ba ta barin kariya a jiki ko ga wanda ya yi ta ya warke. Uwa ba ta da ita, ba ta kuwa iya ba da abin da ba ta da shi.

Maganin da aka samu shi ne a bi ta hanyar da Ehrlich ya nuna. A 1961 Frank Schofield da abokansa a Niyu Gini suka nuna cewa idan aka yi wa mai ciki allurar rigakafin cutar sau biyu ko uku, jaririnta na tsira. Wani gwaji a Kolombiya a 1966 ya tabbatar. Ba jaririn ake yi wa allura ba, uwar ake koya wa jikinta, ita kuma ta miƙa masa ta mabiyiya. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 jarirai dubu 787 cutar ta kashe a duniya, a 1989 aka yi kiran kawar da ita. Togo ta samu shaidar kawar da ita a 2005, Nijar a 2016. Nijeriya, inda kakannin mutanen zango suka fito, ta daɗe cikin 'yan tsirarun ƙasashen da suka rage a baya. Katin awon ciki da matar Agoe ke naɗewa cikin leda, mai alamar allura biyu, ya yi abin da layu da turare suka yi ƙarni suna nema.

Na ce Agoe, domin a 1977 gwamnatin Janar Eyadema ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar Lome, aka kwashe mutane zuwa wajen gari, kimanin kilomita 15 a kan hanyar arewa, wajen Togblekope. A inda suka tashi aka gina bankuna da ofisoshi. Ana ba da labarin wannan tashi ta fuskar ciniki, yadda aka nesanta 'yan kasuwa da babbar kasuwa. Amma a duba ta fuskar maijego: sabon wuri a kwarin kogin Zio mai ambaliya da sauro, sabon ruwan sha, ga nisa da asibitin Tokoin, wanda yanzu ake kira Sylvanus Olympio. A irin wannan hali bambancin mai shan nono da mai shan bulumboti shi ne bambancin rai da mutuwa, domin jikin uwa na koyon ƙwayoyin sabon wuri cikin 'yan kwanaki ya zuba maganinsu a nono, gwangwani kuwa ba ya koyon komai.

A daidai wannan zamani ne kuma rigimar madarar gwangwani ta kai ƙololuwa. Cicely Williams ɗin nan ta tsaya a Singafo tun 1939 ta kira tallar madarar jarirai ga talakawa kisan kai. A 1974 ƙungiyar War on Want ta Ingila ta fitar da rahoto a kan abin da ke faruwa a Afirka da sauran wurare, a 1977, shekarar da aka tashi zango, aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka. A 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar tallar waɗannan kaya, ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi. Lome tashar jiragen ruwa ce, garin da kayan waje ke da araha da kwarjini, kuma matan birni 'yan kasuwa ne da ke son komawa rumfa da wuri. Gwangwani na da tsada, sai a tsinka shi da ruwa ya daɗe, a wanke bulumboti da ruwan da aka samu. Yaro ya rasa garkuwa, ya rasa ƙoshi, ya sami gudawa.

Tun da aro ne, dole a san ranar ƙarewarsa. IgG ɗin da uwa ta bayar yana raguwa wata-wata, zuwa wata shida ko tara ya kusa ƙarewa. Shi ya sa jariri sabon haihuwa ba kasafai zazzaɓin cizon sauro ke kayar da shi ba, sai ya fara zama da rarrafe. Shi ya sa kuma ake yin allurar ƙyanda a wata tara: in an yi da wuri, ragowar kariyar uwa na iya kashe allurar kafin ta yi aiki, in an makara cutar ta riga ta. Iyayen da ke tambayar me ya sa ba a yi duka allurai ranar suna a huta, amsarsu ke nan. An kuma gano cewa zazzaɓin da ya kama mabiyiya na rage abin da uwa ke tura wa ɗan tayi, don haka ƙwayoyin Fansidar da ake ba mai ciki a awo da gidan sauron da take kwana ciki, rabinsu na ɗan cikin ne. A Disamban 2004 Togo ta yi gangamin ƙasa baki ɗaya da ya haɗa allurar ƙyanda da ɗigon shan inna da maganin tsutsar ciki da rabon gidan sauro mai magani ga yara 'yan wata tara zuwa shekara biyar, abin da ya zama abin koyi ga ƙasashen yankin. A lura da inda aka fara ƙirga, wata tara, daidai inda hannun uwa ke sakin yaro.

Ƙanjamau ta zo ta girgiza wannan tsari duka a shekarun 1980 da 1990, da aka tabbatar cewa hanyar da kariya ke bi, cuta ma na iya bi. An shiga ruɗani, aka riƙa ba mata masu ɗauke da cutar shawarar gwangwani, yara da yawa suka tsira daga ƙanjamau suka mutu da gudawa. A zango, inda duk matar da ba ta shayarwa sai an tambayi dalili, shawarar ma tona asiri ce. Wani bincike a Durban a 1999 ya nuna cewa haɗa nono da ruwa ko koko ya fi nono zalla haɗari. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya matsayi: uwa ta sha maganin rage kaifin cutar ta ci gaba da shayarwa.

Nono zalla wata shida, wanda hukumar ta tsayar a 2001, shi ne ya fi wuyar shiga kunnen kaka. A gaya wa tsohuwar da ta goyi goma cewa kada a ba jariri ko ɗigon ruwa a zafin Lome, za ta ce ana son kashe mata jika da ƙishirwa. Ba ta san kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne ba, tacacce kuma. Amma abin ya motsa. A ƙarshen shekarun 1990 kimanin jariri ɗaya cikin goma ne ke samun nono zalla a Togo. Binciken lafiya na ƙasa na 2013 zuwa 2014 ya samu kusan kashi 58 cikin 100. Na Nijeriya na 2018 ya samu kashi 29. Jikokin fataken da suka sauka bakin teku suna zaune a ƙasar da ta ninka ƙasar kakanninsu a wannan fage, kuma in an je gida biki a Kano ko Sakkwato, 'yar zangon Lome ce za ta ga ana ɗura wa jariri ruwa da cokali ta ce, "Haba Gwaggo, ai a wajenmu ungozomar asibiti ta hana."